Kwana goma a Kebek da iyali, ba Faransanci: a zauna a birni ko a nufi bakin teku?

Malam ka tambaya cewa kun samu bizar Kanada kai da Hajiya da yara biyu, za ku je wajen ƙaninka a Toronto lokacin dogon hutun makaranta, kuma kana so ku ware kwana goma ku shiga lardin Kebek, amma ko "bonju", sannun Faransanci, ba ka iya ba, shin ku tsaya Monriyal da birnin Kebek kawai ko ku kuskura ku miƙa har bakin teku can gabas. Ka kuma tambaya batun abinci da hijabin Hajiya. To bari in amsa maka da abin da na sani, don ni ɗan Maraɗi ne, na daɗe a birnin Kebek, kuma shekaru da dama aikina ke nan da bazara, in ɗauki baƙi a mota in zaga da su wannan hanyar.

A taƙaice dai, ku tafi bakin teku. Faransancin da kake jin tsoro shi ne ƙaramar matsalarka wallahi. Abin da zai ba ka wahala nisa ne, da sanyin ruwa, da rashin kama ɗaki da wuri. Mutane suna kallon taswira a waya su ga kamar nan da can ne, ba su san daga Monriyal zuwa garin Gaspé ya haura kilomita 900 ba, kusan Kano zuwa Legas ke nan, kuma rabin hanyar ba babbar hanya ba ce, titi ne mai hannu ɗaya da ke ratsa ƙauye bayan ƙauye, kowane ƙauye sai ka sauko zuwa 50. Duk lokacin da wayarka ta ce awa huɗu, da yara a mota ka lissafa shida.

Monriyal, wanda a taswira za ka ga an rubuta Montréal, ni kwana ɗaya nake ba shi, in mutum ya matsa biyu. Ba don ba shi da kyau ba ne, a'a, sai don kai daga Toronto kake, ka riga ka ga dogayen benaye da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ku hau dutsen Mont Royal da yamma ku kalli garin daga sama, ku zaga tsohon gari ta wajen cocin Notre-Dame, garin tun 1642 aka kafa shi, shikenan. Babban aikin da za ku yi a Monriyal shi ne cefane. A titin Jean-Talon ta gabas akwai unguwar da ake kira Petit Maghreb, cike take da 'yan Aljeriya da Maroko da Tunisiya, mahauta na halal, burodi, dabino, komai. Ku sayi akwatin ƙanƙara irin na roba ku cika shi da nama da kaza, don daga kun wuce birnin Kebek samun naman halal ya zama sai an dace. A Monriyal kusan kowa na jin Turanci, mai kanti ma da "bonju, hai" zai tarbe ka ya bar ka ka zaɓa.

Birnin Kebek kuwa kwana biyu, kuma ba don garina ne nake faɗa ba. Tafiyar awa uku ce daga Monriyal, kilomita 250 ko kusa da haka. Samuel de Champlain ne ya kafa shi a 1608, kuma ganuwarsa da ƙofofinta suna nan tsaye, ɗan Kano in ya gani sai ya ji wani abu a ransa, don ga yadda mutane suka riƙe tasu ganuwar har UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 1985. Katafaren otal ɗin nan mai kama da fada da kake gani a hoto, Château Frontenac, a 1893 aka buɗe shi, ba sai ka kwana a ciki ba, kuɗinsa zai cinye maka na kwana uku a wani wuri, ka tsaya a dandalin katako da ke gabansa ka ɗauki hotonka kyauta. Daga nan da ƙafa za ku kai filin Abraham inda Ingilishi suka ci Faransawa da yaƙi a 1759, kuma in ka fahimci wannan yaƙin ka fahimci me ya sa mutanen nan suke kishin harshensu haka, 'yan miliyoyi ne kewaye da masu Turanci ɗaruruwan miliyoyi, shi ya sa a 1977 suka yi dokar da ake kira Doka ta 101 da ta sa Faransanci ya zama harshen aiki da na alluna. Har KFC a nan PFK sunansa. A bakin gari akwai magangarar ruwa ta Montmorency, tsayinta mita 83, ta ɗara ta Niagara da kusan mita 30 duk da ba ta kai ta faɗi ba, akwai gada a samanta, yara za su so.

Batun harshe, bari in ba ka dariya. Ni da na zo da Faransancina na lakwal tun firamare, ranar farko da wani direban tasi ya yi min magana ko kalma biyar ban kama ba. Nasu daban ne, a hanci suke yinsa, kuma suna da kalmomin da Faransa ta bari tuntuni. Déjeuner da mu muka sani abincin rana, a nan karin kumallo ne, dîner shi ne na rana, na dare kuma souper. Ka ce merci a ce maka bienvenue. Mota char ce, ƙaramin kanti na unguwa dépanneur. To ka ga ko mu 'yan Nijar sai da muka sake koyo, kai da ba ka da komai ba ka rasa wani abu mai yawa ba. Abin da kawai nake roƙonka, kada ka faɗa wa mutum da Turanci kai tsaye. Ka fara da bonju, ka ɗan yi murmushi, sannan ka tambaya ko yana jin Turanci. Daidai yake da baƙon da ya shigo zaure ba sallama. Wanda ya yi sallamar, ko tsohuwar ƙauye da ba ta jin Turanci sai ta kira jikanta ya fassara. A allon hanya ka riƙe guda biyar sun ishe ka: arrêt tsaya, sortie mafita, est gabas, ouest yamma, travaux ana aikin hanya, wannan na ƙarshen za ka gaji da ganinsa da bazara.

Daga birnin Kebek ku ɗauki hanya mai lamba 138 ta arewacin kogin Saint-Laurent, ku ratsa Charlevoix, hawa da gangara masu tsanani, ka riƙa sa ƙaramin giya a gangara kada ka ƙone birki. Bayan kamar kilomita 200 da 'yan kai titi zai ƙare a bakin ruwa a Baie-Sainte-Catherine, jirgin fito zai ɗauke ku da motarku ya tsallakar da ku bakin kogin Saguenay zuwa Tadoussac, minti goma ne kuma kyauta ne, sai dai layi in an yi yawa. Ku fito daga mota ku hau sama, sau da yawa daga kan jirgin nan mutane ke fara ganin fararen dabbobin nan da ake kira beluga.

Tadoussac nake so in daɗe a kai, don ita ce dalilin tafiyar. Wurin manyan halittun tekun nan ne irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa, Faransawa suna ce musu balen. Muna kiransu kifi amma ba kifi ba ne, iska suke shaƙa, haihuwa suke yi su shayar da nono. Dalilin da ya sa suke taruwa a nan shi ne a ƙarƙashin kogin akwai wani dogon kwari mai zurfin sama da mita 300 da ya taso tun daga teku, da ya iso daidai Tadoussac sai ƙasan ya taso tsaye kamar bango, to duk lokacin da teku ta cika ta turo ruwa, ruwan ƙasa mai tsananin sanyi ba shi da wajen zuwa sai sama, ya taho da ƙananan jatan lande da ƙananan kifaye, su kuma balen su biyo abinci. Abu biyu wannan yake nufi gare ka. Na ɗaya za ka iya ganinsu daga tudu ba sai ka shiga jirgi ba. Na biyu ruwan wurin ko a watan Agusta bai wuce digiri huɗu ko biyar ba, iskar da ke tasowa daga kansa kamar hunturun Agadas da asuba. Na sha ganin baƙo ya fito da shadda mara nauyi don ya ga rana a gari, ya dawo daga jirgi leɓensa na rawa. Suwaita, jaket mai tare iska, hular sanyi, safa, kowa da nasa, yara kuma ninki biyu.

Jirage iri biyu ne, babba mai rufi da ban ɗaki, da ƙaramin na roba mai gudu da ake ce wa zodiyak. Da yara da Hajiya ka ɗauki babban, ƙaramin yana da daɗi amma dukan igiyar ruwa yake yi, kuma awa biyu zuwa uku ba ban ɗaki. Kada ka ji haushi in direba ya ƙi matsawa kusa da beluga, doka ce, wurin gandun ruwa ne da aka keɓe tun 1998, kuma an hana kusantar beluga da shuɗin balen ƙasa da mita 400. Ni dai abin da na fi so ba jirgin ba ne. Gaba kaɗan da Tadoussac, wajen Bergeronnes, akwai wani wuri Cap-de-Bon-Désir, falalen dutse ne da ya gangara har cikin ruwa mai zurfi. Ku tafi da filas ɗin shayi da bargo ku zauna. Wata safiya ina zaune a wurin da wasu baƙi, hazo ya rufe ko'ina ba ka ganin komai, sai muka ji fuuu kamar an sace iskar tayar babbar mota, wani dattijo a cikinmu ya zabura yana salati, can sai ga baƙin baya mai sheƙi ya ɓullo bai fi jifa da dutse ba, ya lanƙwasa a hankali ya nutse, warin numfashinsa kamar ruɓaɓɓen kifi ya biyo iska. Dattijon nan bai ƙara magana ba har muka koma mota, tasbihi kawai yake ja. Shi ya sa nake cewa kwana biyu a Tadoussac, in hazo ko iska sun ɓata rana ɗaya kuna da ta biyu.

Daga nan sai tsallaka kogi zuwa kudu, kuma a nan ne mutane ke faɗuwa. Kogin a wannan wurin ya zama teku, ba gada. Ko dai ku hau jirgin fito daga Les Escoumins zuwa Trois-Pistoles, kamar awa ɗaya da rabi, lokacin tashinsa yana bin cikar ruwa don haka kullum canzawa yake, ko ku ƙara gaba zuwa Baie-Comeau ku hau babban da ke zuwa Matane, awa biyu da 'yan mintuna. Duk wanda ka zaɓa ka kama wa motarka wuri tun makonni kafin ranar. Ni kaina na taɓa yin gangancin zuwa ba bukin ina cewa ai za a samu, muka tarar ya cika har na gobe, sai da na juya da mutane baya muka nemi wani mafitin, yini guda ya tafi a banza kuma laifina ne ba na kowa ba.

Da kun sauka kudu kun hau hanya ta 132, ita ce ke zagaye yankin Gaspésie gaba ɗaya, zagayen ya kusa kilomita 900. Ku kwana a Sainte-Anne-des-Monts. In da ƙarfi ku shiga ciki gandun dajin Gaspésie, kada ka ja yara hawan manyan duwatsu, akwai gajerar hanya zuwa tafkin Lac aux Américains da ko ɗan shekara biyar zai iya. Daga Sainte-Anne zuwa gabas kuwa shi ne yankin da ya fi kowane kyau a tuƙi, dutse tsaye a damanka teku a hagunka, titin a matse tsakaninsu har akwai allon gargaɗi cewa igiyar ruwa na iya watsowa kan hanya. Tanki ya kai rabi ka sha mai, kada ka jira. Kuma don Allah kada ka yi tuƙin magariba ko dare. Akwai wata dabba orinyal, ka ɗauka gwanki ne amma ya fi doki tsayi, ƙafafu dogaye, baƙi-baƙi, fitilar mota ba ta kama idonsa da wuri saboda tsayinsa, in mota ta buge shi ƙafafun take sharewa gangar jikin ta faɗo kan gilashi. Allon da ka ga hotonsa ba ado ba ne.

Forillon kwana biyu. Gandun daji ne na gwamnatin tarayya a ƙarshen ƙasa, sunan Gaspé ɗin ma daga harshen mutanen Mi'kmaq ya fito, ma'anarsa inda ƙasa ta ƙare. Kafin ku shiga za ku wuce hasumiyar fitilar jirage ta Cap-des-Rosiers, mita 34, babu wadda ta kai ta tsayi a Kanada. Ku je Cap-Bon-Ami da sassafe, rana a can da wuri take fitowa sosai don wurin yana can ƙarshen gabas amma agogonsa ɗaya da Toronto. Sannan akwai hanyar ƙafa da ke bin gaɓa har Cap-Gaspé, kamar kilomita huɗu zuwa huɗu dawowa, ana cin karo da beguwa a kan hanya tana tafiyarta ba ruwanta da kowa, wani lokaci da baƙin beyar, in kun gan shi ku tattara yara ku ja baya a hankali, ba gudu, ba miƙa abinci. Wani abu da ba a cika faɗa wa baƙi ba, da aka kafa gandun a 1970 sai da aka tashi iyalai kusan 225 daga gidajensu, masunta ne da kakanninsu suka rayu a kan kama kifin moru suna sa masa gishiri su shanya, dangin busasshen kifin nan ne da ake kawowa kasuwannin Najeriya daga Nowe. An rushe gidaje an ƙone wasu. 'Yan gidajen da aka bari a Grande-Grave yanzu su ne gidan tarihi, in ka shiga ka tuna da masu su. A garin Gaspé kuma akwai babban gicciyen dutse na tunawa da wanda Jacques Cartier ya kafa a 1534 ya ce ƙasar ta sarkin Faransa ce, alhali da mutanenta a tsaye suna kallonsa.

Percé awa ɗaya ce daga Gaspé. Dutsen nan mai huda a cikin teku, tsawonsa ya haura mita 400, tsayinsa 88, da can huda biyu gare shi ɗaya ta rufta a 1845. Za ka ga in ruwa ya janye kamar ana iya takawa har gindinsa, kar ka je, duwatsu na zubowa daga sama. Ku hau jirgi zuwa tsibirin Bonaventure, ku sauka, ku yi tafiyar kamar minti 45 cikin itatuwa. Tun kafin ku iso hanci zai gaya muku, sannan kunne. Tsuntsaye ne farare masu kai ruwan ɗorawa sama da dubu ɗari, sun fi balbela girma nesa, fikafikansu in sun buɗe sun kusa mita biyu, kowace uwa da ƙwai ɗaya tak, sheƙa kusa da sheƙa daidai inda bakin maƙwabci ba zai kai ba, igiya ɗaya ce kawai tsakaninku da su. Ka riƙe lokacin jirgin ƙarshe, ba a kwana a tsibirin.

Dawowa ku bi ta kudu, ta Baie-des-Chaleurs inda a nan ne kaɗai ruwan ke da ɗan dama-dama yara su sa ƙafa, ku ratsa kwarin Matapédia ku kwana Rimouski. Doguwar rana ce, awa shida ko fi. A Pointe-au-Père akwai gidan tarihin jirgin Empress of Ireland da ya nutse a 1914 da mutum 1,012, da wani tsohon jirgin yaƙi na ƙarƙashin ruwa da ake shiga cikinsa. Washegari ku miƙe Monriyal. In ka lissafa, ɗaya Monriyal, biyu Kebek, biyu Tadoussac, ɗaya Sainte-Anne, biyu Forillon, ɗaya Percé, ɗaya Rimouski, goma cif. In ka ga tuƙin ya yi maka yawa, gara ka yanke Gaspésie gaba ɗaya ka tsaya a Tadoussac ka huta, da ka yi ta a guje cikin kwana uku.

Lokaci, ka kauce wa makonni biyun ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, hutun ma'aikatan gine-gine ne kuma mutanen lardin da yawa ke bin su, ɗaki ya yi tsada kuma babu. Yuni akwai wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo har jini. Tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba ya fi, kuma ya dace da hutun yaranku. Ka nemi masauki mai kicin, motel ko ɗan gidan katako da suke kira chalet, ka kama tun yanzu.

Abinci a bakin teku kifi ne zai cece ku, da jatan lande da ƙaguwa, kowane gari da shagon kifi da ake kira poissonnerie. Amma ka kula da kalmomin nan a takardar abinci: porc, lard, jambon, bacon, cretons, duk alade ne, waken da suke ci da safe fèves au lard da kitsen alade ake dafa shi, tourtière ma galibi da shi. Soyayyen kifi wani lokaci da giya ake kwaɓa fulawarsa, in ka ga bière ka tambaya. Putin ɗin nan nasu, dankali da cuku da romo, romon na nama ne, sai ka samu na halal a Monriyal ko ka nemi na ganye. Farashin da ka gani a rubuce ba shi za ka biya ba, akwai haraji kusan kashi 15 a kai, in an kawo maka abinci a tebur kuma ka ƙara wa ma'aikaci kamar kashi 15.

Hijabin Hajiya ba wanda zai hana ta. Dokar 2019 da kake ji, Doka ta 21, ta shafi wasu ma'aikatan gwamnati ne irin malaman makaranta da 'yan sanda, ba baƙi ba. Ba zan ɓoye maka ba, a ƙauyuka za a kalle ku, yawanci kallon baƙunta ne, kuma mu a birnin Kebek ba mu manta daren 29 ga Janairun 2017 da aka harbe mutum shida a masallacinmu na Sainte-Foy ba. Masallacin yana nan ana sallah, in Juma'a ta same ku a gari ku zo. Can gabas kada ka sa ran masallaci, ku tafi da darduma, ku matafiya ne kuna da kasaru. Alƙibla a nan arewa maso gabas take, ka sauke manhajar a waya tun kana da sabis don akwai wuraren da yake ɗaukewa.

Na mota, lasinka na Najeriya yana aiki ga baƙo na ɗan lokaci, amma ka haɗa da na ƙasa da ƙasa don masu ba da haya, kuma yawancinsu katin bashi suke nema ba na cire kuɗi ba, ka yi magana da ƙaninka a kan wannan tun kafin ku taso. Yaron da bai kai shekara tara ba kuma tsayinsa bai kai santimita 145 ba dole sai da kujerar yara. A tsibirin Monriyal ba a kwana dama in danja ta nuna ja, ko da ka ga ana yi a Toronto.